Bature Ya Sayi Waya da Kayan Wata a Ciki

A Gummi, in ka ce kana neman gidan Bature, za a tambaye ka wane Baturen, don ba shi kaɗai aka haifa ranar Talata a garin ba. Amma in ka ce Da-abin-ciki, ko mai tallan fura ka tarar a hanya za ta tura baki ta nuna maka ƙofar: ga ta can bayan masallacin unguwar masunta, mai zaure da wani dogonyaro da ya karkace kamar ya gaji da tsayuwa.

Shi dai Bature gajere ne, baƙi wuluk, mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya da ’yan kai. Noman shinkafa ya gada a fadamar bakin gulbi, in an yi girbi kuma ya juya ya sa albasa da tattasai. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, ko sallar mutum uku ba ya yarda ya ja. Sai dai an fi shekara ashirin ba a sayar da gona ko fadama a ɓangarensu ba tare da an kira shi shaida ba, kuma duk inda aka kira shi, kafin a shafa fatiha sai ya gyara zama ya yi tambayarsa guda: da abin ciki ne, ko ba da abin ciki ba?

Tambayar tana da asali. Yana ɗan shekara tara babansa ya sayi wata fadama hannun wani mutum da tafiya ta kama a gurguje, ga shinkafa tsaye a ciki ta fara fitar da kai. A al’adar wurin, in ba a ambata ba, ƙasa ce aka sayar, abin da ke tsaye a kanta na wanda ya shuka ne. To, ba a ambata ba. Uban ya sa Bature koron tsuntsu wata guda cur, yana kaɗa gwangwani yana ihu har murya ta dishe, a kan shinkafar da ko loma ɗaya ba za ta shiga bakinsa ba. Aka yanke, aka buge, aka zuba a rumbu dabam aka liƙe. Shekara biyu tana nan, har da wata damina da gidan ya koma cin tafasa da rama, Inna tana kallon rumbun tana kallon mijinta, shi kuma yana kallon sama. Da mai ita ya dawo aka buɗe masa, sai ya ce shi wallahi ya ma manta ya bar shinkafa.

Da wani yaron ne ya ji haka, da ya ɗauki darasi. Bature ma ya ɗauka, amma ta ɗaya gefen. Da ya girma sai abin ya bi shi har kasuwa. Ya taɓa sayen kaza ta yi masa ƙwai a kwando kafin ya kai gida, ya juya da ƙwan a tafin hannu ya je ya tambayi mai kaza ko nasa ne. Ya taɓa sayen kwat a gwanjo ya tarar da rabin goro a aljihu, sai da aka haɗa shi da Allah kafin ya haƙura da cigiya. Matarsa Hamida, wadda ke turara shinkafa tana sayarwa a gida, takan ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da gaskiya ke ba wahala irin Malam ba, kuma ba a gane ko yabo take yi.

Shekara tara yana fama da wata ’yar ƙaramar waya mai tocila, an ɗaure ta da roba don kada bayanta ya faɗi. Ba shi da wani ƙorafi a kanta. Dillalan Sakkwato ne suka ɓata zaman. A kakar 2017 duk wanda ya kira ya ce yana da shinkafa, sai ya ji an ce ya turo hoto a gani kafin a taso mota. Ya yi rantsuwa cewa ƙwayar doguwa ce, fara tas, aka ce an yarda, amma dai ya turo hoto. Da ya ga maƙwabtansa suna loda buhuna shi nasa na jingine a zaure, sai ranar kasuwa ya sa hula ya nufi rumfar Saminu, mai sayar da wayoyi na hannu da gyaransu a bakin tasha.

Saminu ya zazzage masa wayoyi a kan tebur, ya zaɓo wata baƙa mai faɗi, sabon gilashi, ya kunna ya juya masa ita. Bature ya leƙa sai ya ga wani gajeren baƙin mutum da hula a karkace yana leƙo shi. Ya gyara hula, mutumin ya gyara. Dariya ta kama shi har da riƙe ciki, ’yan rumfa suna taya shi. A cikin wannan dariyar aka yi ciniki, aka sallama, aka sa masa layinsa, ya zura waya a aljihu ya tafi. Mutumin da ya tambayi mai kaza zancen ƙwai, ranar bai tambayi kowa komai ba.

Bayan la’asar ya baje a tabarmar zaure yana koyon shafa gilashi da ɗan yatsan da ya saba da lauje. Ya shafa nan, ya danna can, sai ga wata mata ta cika fuskar wayar. A cikin ɗakinta take, zaune a bakin gado, babu ɗankwali balle mayafi, tana shayar da yaro, ta ɗago kai tana dubansa ido cikin ido. Bature ya kife wayar a tabarma da saurin da bai san yana da shi ba. Ya yi istigfari ya fi a ƙirga. Ya daɗe zaune yana kallon bayan wayar kamar wanda ya kife kunama da ƙwarya, sannan ya lalubo maɓallin gefe ya kashe ta ba tare da ya juya ta ba, ya naɗe ta a hankici ya ƙulle.

Washegari da hantsi yana rumfar Saminu. Saminu ya saurare shi yana danne dariya, ya rantse cewa shi bai buɗe ta ba, cikin jaka guda ya saye ta tare da wasu goma sha hannun wani mutum a kasuwar Bukkuyum, mutumin kuma ko sunansa bai riƙe ba. Ya miƙo hannu.

“Baba Bature, wagga ai aikin minti biyu ta. Kawo in goge maka ita, ta koma kamar yau ta hito daga kamfani.”

“In ka goge, ina za su tahi?”

“Ba su zuwa ko’ina, Baba. Ƙarewa za su yi.”

Bature ya tambaya ko mai su yana da wasu a wani wuri. Saminu ya ce Allah masani. Ya tambaya ko lokacin da Saminu ya saya an ce da abin ciki, Saminu ya ce a harkar waya ba a wannan maganar. To, ba a ambata ba ke nan. Saminu ya ce in ya fi so ya ajiye ta ya ɗauki wata, har ya fara tura masa wata ja. Bature ya dubi samarin da ke zaune a bencin rumfar, kowa ya miƙa wuya, ya ga inda wayar za ta kwana in ya bar ta. Ya mayar da ƙullinsa aljihu. Abin ya tsaya masa a fili: in ya goge ya cinna wa amfanin gonar wani wuta, in ya mayar ya saki matar wani a tsakiyar kasuwa ba mayafi. Sai dai a nemo mai kaya ya zo ya kwashe abinsa da hannunsa.

Kafin azahar labari ya riga shi isa unguwa. A majalisar gindin dogonyaro, Abdulbasit masunci, ɗan ƙanwar babansa, wanda wasan taubasantaka ya ba shi lasisin faɗa masa komai, shi ya fara.

“Taubashi, mu dai mun san ana sa mata kulle. Ba mu taɓa jin an sa waya ba sai gare ka.”

“Tahi ka wanke ƙarnin kihi, sannan ka zo mu yi zancen waya.”

Abdulbasit ya ce shi taimako ya zo yi, a buɗe a nuna wa majalisa hoton, ƙila wani ya san matar. Mutum uku suka goyi bayansa da saurin da ya sa Bature ya ƙara dafe aljihu. Wani ya ce a kai wa liman, wani ya ce a jefa ta gulbi kowa ya huta, Abdulbasit ya ce in za a jefa a gaya masa wurin don ya kai komarsa ta kamun kifi. Kwana goma sha ana wannan. Wayar kuma, ko a kashe take, Saminu ya ce kada a bar batirin ya mutu murus, ga shi ba wuta a unguwar. Don haka duk bayan kwana uku Bature yakan je shagon caji, ya kwance hankici, ya jona ta a kife, ya ja kujera ya zauna kusa da ita awa biyu kamar mai jinya. Shinkafarsa tana zaure. Layinsa ya koma cikin tsohuwar mai roba, wadda ta karɓe shi ba tare da gori ba.

Hamida ce ta gaji. Wata safiya tana juya shinkafa a kan tabarmar shanya ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, ita dai a iya saninta ba a hana mace ganin mace ba, kuma ta yi aji shida na firamare, abin da wasu masu shaidar gonaki ba su yi ba. Kwana goma sha Bature yana juya maganar ta kowace fuska, wannan fuskar ce kawai bai duba ba.

Ta wanke hannu ta shiga ɗaki da wayar, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa ya ba ta baya, tana dubawa tana faɗa masa. Ba mace ɗaya ba ce, in ji ta, mata ne rututu, kowacce a cikin gidanta, wata a madafi, wata a gado, kowacce da yaro. Yaran kuwa an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da wani kati a riƙe a ƙirjinsa, da suna da lambobi. Sai muryarta ta sauka. Ta ce wasu yaran ba su da lafiya, ana gani a idonsu. Ta tsaya tana haɗa baƙaƙe, can ta ce a saman katin an rubuta Sunke.

Babu wanda ke wannan yanki da bai san Sunke ba. Ƙauye ne a ƙasar Anka, ɗaya daga cikin waɗanda gubar dalma ta shiga shekarun baya, lokacin da ake kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi yara ta yi ɓarnar da har yau in an tuna sai a yi shiru. Hamida ta ce wannan wayar malamar asibiti ce, ba ko shakka, don ga ta nan ma a hotuna da yawa cikin fararen kaya, ita ce kullum ke miƙa hannu gaba tana ɗaukar kanta. Bature ya ce a kwatanta masa. Ta ce gajeruwa ce, mai jiki, da tabarau, da wushirya, da ɗan tabo a gira ta hagu.

Suka gwada hanya mai sauƙi tukuna. Hamida ta karanto lambobi biyu daga cikin wayar, Bature ya kira da mai roba. Na farko ya amsa sallama da fara’a, amma da ya ji baƙuwar murya tana tambayar wata malamar asibiti mai wushirya da inda take kwana, sai ya kashe. A shekarun nan na ’yan bindiga ba a amsa irin wannan tambayar a waya, kuma Bature bai ga laifinsa ba. Ta biyun mace ce, ta yi masa wata doguwar magana da Turanci wadda bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane ba addu’a ba ce. Ya ajiye waya ya ce gobe za shi Anka. Hamida ta goge masa farar rigarsa, ta ce in ya je ya yi tambaya da hankali, kada a ce tsufa ya zo masa da wani sabon hali.

Ta san abin da take faɗi. Da ya sauka tashar Anka da hantsi ya nufi ’yan kabu-kabu, dattijo da shi, da farar riga da carbi, ya ce yana neman wata mata gajeruwa mai jiki da wushirya, sai da suka dubi juna. Wani ya ce Baba ya iya zaɓe. Wani ya tambaya ko iyalinsa sun san ya fito. Bature ya bar su suka gama, sannan ya ƙara da tabarau da tabon gira da zancen yaran Sunke. Nan take wasan ya tsaya. Wani mai furfura a gemu a cikinsu ya tayar da mashin ya ce Sista Gladys ke nan, ’yar Zuru, ya hau ya kai shi.

Ƙaramin asibiti ne, da rumfar kwano a gaba cike da mata da yara. Mai ba da kati ya tambaye shi me ke damunsa, ya ce aljihunsa, mai kati ya ce wannan ciwon kowa na da shi, ya zauna ya jira. Ya zauna a ƙarshen benci yana kallon ƙafafunsa har rana ta take tsaka. Da layi ya ƙare aka shigar da shi wani ɗaki mai tebur da sikelin awon yara, ga ta nan yadda Hamida ta zana ta, har tabon. Ta gaishe shi da Hausa mai kyau, ta ce Baba me ya kawo shi. Ya kwance hankici ya ajiye wayar a kife a kan tebur.

Gladys ta dubi bayan wayar. Akwai wata ’yar ƙwarzana a kusurwa, ta sa yatsa a kai. Sai ta ja kujera ta zauna, ta cire tabarau, ta riƙe shi a hannu ba ta goge ba.

Labarinta ya fito a hankali. Wata huɗu da suka wuce wayar ta faɗa mata a bokitin wanki, fuskar ta yi baƙi. Mijinta Shadrach ya kai wa wani mai gyara, ya ce ta mutu sai dai a cire kayan ciki, suka bar masa ita. Daga baya ta ji ya tayar da ita ya sayar. Ta je ta same shi, ya rantse da duk abin da ya sani cewa ya goge ta tas, kuma wanda ya saya ya wuce Bukkuyum. Tun ranar ba ta sake samun natsuwa ba. Matan nan, in ji ta, shekara da shekaru ta yi tana shiga gidajensu kafin su saki jiki. Da za ta fara ɗaukar hoto don bin lafiyar yaran, sai da ta tsaya gaban mai unguwa da mazan gidajen ta yi alkawari cewa idon namiji ba zai gani ba, kuma in aiki ya ƙare za ta goge. In da hoto ɗaya ya ɓulla a shagon caji ya fara yawo daga waya zuwa waya, da an rufe mata ƙofofin Sunke, ita da duk mai fararen kaya, yaran da ke shan magani kuma su tsaya. Duk ranar da ta shiga ƙauyen sai ta duba fuskar mai unguwa tukuna ta ga ko ya ji wani abu.

Ta mayar da tabarau ta dube shi.

“Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya. Wa da wa suka gani?”

“Ni na ga ɗaya, Malama, gwargwadon ƙibtawar ido, kuma na roƙi gahwara. Iyalina ta ga sauran, ita mace ta. Bayan mu ba kowa. Ko caji ban bari ta tahi ita kaɗai ba.”

Ta yi tambaya a kan wanda ya sayar masa, Bature ya ce Saminu ya rantse bai buɗe ba, kuma ya san shi tun yana rarrafe, in ya yi ƙarya kunnensa ke motsi. Mai gyaran fa? Bature ya ce a nasa ganin, mutumin da ya rantse ya goge alhali komai na nan, ai ko leƙawa bai yi ba. Gladys ta yi wata dariya da ta fito tare da hawaye, ta ce Allah ya sa haka ne, ta ɗauki wayar ta kunna ta ce yanzu-yanzu za ta goge komai.

Nan Bature ya ɗaga hannu. Shi fa bai yi kusan kwana ashirin yana gadi don a zo a cinna wuta a gabansa ba tare da an ɗebi ko dami ɗaya ba. Ta ce bayanan yaran duk suna cikin fayil na asibiti, ba abin da take bukata. Ya ce ta dai duba. Ta ce Baba akwai marasa lafiya da yamma. Ya ce shi ma akwai shinkafa a zaure, ta duba. Don ta rabu da shi ta fara shafawa da sauri, shi kuma ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, inda aka manna hoton wani yaro mai ƙiba yana shan allura. Yana cikin karanta fuskar yaron sai ya ji muryar wani tsoho ta fito daga wayar, yana faɗa da wani yare, kaji suna kuka a bayansa. Sai shiru. Sai muryar ta sake fitowa daga farko.

Babanta ne, Hosea, in ji ta da ta samu magana. Bara ya rasu. Ta ɗauke shi bidiyo ne a gida Zuru yana ba kaji dawa, faɗan da yake yi kuwa da ita yake, wai ta kawar masa da wannan abin daga fuska ta je ta ɗebo ruwa. Ta ɗauka bidiyon ya tafi tare da bokitin wanki. Bature bai juyo ba, amma ya gyara zama irin na wanda aka ba gaskiya a gaban alƙali, ya ce wa bango: to.

Ta tura wannan zuwa sabuwar wayarta, da wasu ’yan hotunan ’yarta Abigail ranar da ta gama firamare. Ta buɗe bayan wayar ta duba ko akwai katin memori, babu. Ta cire adireshinta da duk abin da ke ɗauke da sunanta, tana yi tana gaya masa, don in ba a cire ba, in ji ta, wayar za ta tashi tana neman tsohuwar uwar ɗakinta ta ƙi shi. Da ta zo kan gogewar sai ya ce a dakata a kira shaidu. Gladys ta dube shi ta saman tabarau, ta ga ba wasa yake ba, ta leƙa waje ta kira mai ba da kati da Balaraba mai shara, wadda ta shigo da tsintsiyarta a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Bature ya miƙe ya yi bayani kamar yadda yake yi a bakin gona: ga waya, shi ya saya, ga mai abin ciki, ta zo ta ɗebi nata. Ya ce ta faɗa da bakinta.

“Na kwashe abin da nake so. Sauran na yarda a goge, kuma ni zan goge da hannuna.”

“Kun jiya?”

Mai kati ya ce sun ji. Balaraba ta ce ita ta ji amma ba ta gane ba, aka ce ya wadatar. Gladys ta danna. Wayar ta yi wani rubutu, Gladys ta fassara masa cewa tana tambaya ko an tabbata. Ta danna, wayar ta sake tambaya, wai in an goge ba dawowa. Bature ya jinjina kai, ya ce ashe dai wanda ya ƙera ta yana da tarbiyya. Gladys ta danna na ƙarshe. Fuskar ta yi baƙi, wani ɗan zane ya fito yana juyawa, su huɗu suka tsaya a kansa har da Balaraba da ta jingine tsintsiya. Aka ɗan jima. Sannan ta yi haske, fara fes, da gaisuwa a tsakiya. Gladys ta shiga wurin hotuna ta duba, ta fita ta sake shiga, ta juya masa ya gani da idonsa. A karon farko tun ranar kasuwa ya kalli fuskar wayar bai kau da kai ba. Gladys ta ce yau za ta ci abinci ya zauna mata.

Ita ta sa masa layinsa, ta nuna masa inda ake ɗaukar hoto da inda ake turawa, sau uku, da haƙurin wadda ta saba koya wa uwaye awon magani. Ta so ta biya masa kuɗin mota ya ƙi, ta so ta saya masa lemo ya karɓa. Ta ce ya gai da Mama, ya gaya mata wata ’yar Zuru tana yi mata addu’a. Mai kati ya rako shi har bakin rumfa yana tambaya ko aljihun ya yi sauƙi.

A motar Gummi an cusa su huɗu a baya. Wani mai sayar da buhunan wofi da ke gefensa ya hango wayar tana leƙowa daga aljihun farar riga, ya ce Alhaji a ba shi ya gani. Bature ya zaro ya miƙa masa. Mutumin ya shafa, ya danna, ya miƙa wa na kusa da shi, ta zaga har gidan gaba, direba ma ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya auna nauyinta ya ce tana da kyau. Da ta dawo, mai buhuna ya sake bincikawa, ya shiga nan ya fita can, ya ɗago da fuskar wanda aka yi wa rowa.

“Alhaji, ai ba komai cikinta.”

“Ba komai,” in ji Bature.

Ya bar ta a hannun mutumin, ya jingina kai da gilashin mota. Kafin su fita ƙasar Anka ya fara minshari, sai da aka zo tashar Gummi direba ya zagayo ya girgiza shi.